Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin 'Yan Kasuwar Garwa: A Bar Mai Kaya Ya Yi Magana Da Bakinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Garwa, da takwarorinku na Marwa da Ngaundere da Kusiri, Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a nema. Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman afuwa tun kafin in fara, domin a tarbiyyar da muka taso yaro ba ya tsoma baki a zancen manya sai an ce masa "kai fa?" Ni kuwa ba a ce mini ba. Sau biyu ina zuwa taro da wannan magana a bakina, sau biyun kuma batun haraji da na ɗauke wuta suka cinye lokaci har aka kira la'asar. Shi ya sa na ce bari in rubuta, wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi.

Ni yaron albasa ne. Dukiyar ta kawuna ce, ni dai nake riƙe masa littafi da waya, ina bin buhu tun daga gonakin wajen Marwa da na bakin Binuwai har ya sauka Yawunde ko Duwala, wani lokaci ya zarce Kiye-Osi inda 'yan Gabon suke zuwa saro. Ba ni da wata na'ura da nake son sayar muku. Labarin abin da ya same mu zan ba ku, sannan in roƙi arziki a kan mu riƙa ɗaukar muryar 'yan kasuwa suna bayanin kayansu da bakinsu.

Wata shekara da kasuwa ta faɗi, kaya suka yi mana yawa a rumfa, sai na matsa wa kawu lamba mu yi talla irin ta zamani. Da ƙyar ya yarda. Muka biya wani matashi mai ɗakin ɗaukar murya, ya haɗa mana talla da Faransanci, da kiɗa a ƙasa, da muryar nan mai amsa-kuwwa kamar daga cikin rijiya ake magana: albasa lamba ɗaya, babu irinta, ku garzayo kada ku bari a ba ku labari. Na tura ta kowane zauren WhatsApp da nake ciki. Kira ɗaya tak muka samu. Wani dattijo ne a Birketeri, unguwar Hausawan Yawunde, wanda ya shekara da shekaru yana sayen kayanmu, ya bugo yana tambaya ko lafiya, ko Alhaji ya sayar wa wasu rumfar ne. Kawu bai ce mini uffan ba. Da faɗa ya yi ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan 'yan makonni, wani dare bayan isha'i, ya zaunar da ni yana yi mini faɗa a kan wasu buhuna da bai kamata in karɓa ba. Don kada in manta, na danna ɗaukar murya na ajiye wayar a kan tabarma. Ya yi kusan minti bakwai yana bayani. Albasar da aka ɗura wa takin zamani har ƙarshe, aka ci gaba da ba ta ruwa har ana gobe cira, takan yi girma ta cika ido, amma ruwa ce zalla. A duba wuyanta: idan mai kauri ne, ka matsa da babban yatsa ka ji laushi, ba za ta yi tafiya ba. Wadda aka yanke wa ruwa da wuri, aka shanya a inuwa har wuyan ya tsuke, ɓawon ya bushe yana ƙara a hannu, ita ce ta ajiya. Ya ce ta farkon tana iya yaudararka a nan inda iska take bushe, amma da zarar mota ta wuce Ngaundere ta shiga damshin kudu, kwana kaɗan sai wari. Sannan ya faɗi abin da ban taɓa jin an faɗa a talla ba: shi kansa girman albasa ya taɓa ruɗarsa, ya loda mota guda, kafin ta isa Duwala rabi ya zama na juji, sai da ya mayar wa mutane kuɗinsu. Washegari na nemi izininsa na tura wa wani abokin cinikinmu da yake yawan kukan ruɓewar kaya. Shi kuma ya tura gaba. Kafin mako ya zagayo mutanen da ba mu taɓa gani ba suna bugowa, kuma babu wanda ya nemi mai albasa lamba ɗaya. Cewa suke a haɗa su da tsohon nan da motarsa ta ruɓe.

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, wannan ba sabon zance ba ne. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, aikin da muka yi da ka yana da suna a duniya, kuma manyan kamfanoni suna zuba kuɗi a kansa. Fodkas ake ce masa: shirin murya da mutum yake ɗauka kashi-kashi ya ɗora a intanet, mai saurare ya sauke ya ji lokacin da ya ga dama, yana tuƙi ko yana jiran ciniki. Wani ɗan jarida, Ben Hammersley, shi ya fara rubuta kalmar a jaridar Guardian ta Ingila a 2004. A 2005 kamfanin Apple ya buɗe wa irin waɗannan shirye-shirye ƙofa a manhajarsa ta iTunes, a 2019 Spotify, kamfanin manhajar sauraren waƙoƙi da shirye-shirye, ya sayi Anchor, manhajar da a lokacin take barin kowa ya ɗora shirinsa kyauta, a 2021 kuma Spotify ɗin ya fara aiki a Kamaru da Chadi. Ba ka buƙatar eriya, ba ka buƙatar sayen minti a gidan rediyo.

Za ku ce to ai wannan saƙon murya ne, kullum muna yi. Kusan haka ne, amma da bambanci. Saƙon WhatsApp ɗan tafiya ne, ba shi da gida. Waya ta cika a goge shi, ta faɗa ruwa ya tafi. Mafi muni, wani yana iya yanke muryar kawu ya liƙa lambarsa a ƙasa, ya karɓi kuɗin mutane ta Orange Money ko ta MTN ya kashe waya, a bar mai murya da rantsuwa. Fodkas kuwa yana da mazauni guda, da sunan mai shi, da jerin duk abin da ya taɓa faɗi. Wanda ya ji guntu a wani wuri yana iya zuwa ya ji cikakke, ya ji lambar daga bakin mai ita. Kuma abin da ka faɗa bara yana nan yana jiranka bana, wanda hakan kaɗai ya isa ya sa mutum ya auna maganarsa.

Ban ga mutanen da wannan abu ya dace da su kamar mu ba. Mu mutanen kunne ne. Sashen Hausa na BBC ya fara tun 1957, na Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na Faransa a 2007, kuma da yawanku da rediyo a kafaɗa kuka girma. Bayan rediyo muka yi zamanin kaset na wa'azi, yanzu ga memori da yara suke turawa a bakin tasha. Kakanninmu da suka iso ƙasar nan da fatauci, wani da goro, wani da tufafi, ba takardar shaida suka riƙo ba. Baƙo ya sauka zango, maigida ya ce "na san shi", shi ke nan an ba shi kaya bashi. Har yau haka muke: buhu ɗari yana barin Garwa a kan kalma ɗaya ta waya. To me ya sa idan aka zo talla sai mu ajiye wannan muryar da aka yarda da ita, mu je mu yi hayar ta wani?

Nan ne gizo yake saƙa, kuma nan nake son ku tsaya da ni kaɗan, Allah ya ba ku haƙuri. Na lura duk ɗan kasuwar da aka miƙa wa makirufo sai ya canza. Mutumin da yanzun nan yake ba ka dariya a rumfa, yana gaya maka yadda ake gane zumar Adamawa da wadda aka dama da sukari, da ya ga an danna ɗauka sai ya gyara zama, ya kumbura murya, ya fara "jama'a masu saurare" kamar mai karanta labaran duniya. Duk abin da ya sani ya gudu, sai kirari ya rage: mai inganci, mai rahusa, mai ƙarko. Wa ya taɓa jin mai kaya ya ce nasa marar inganci ne? Tunda kowa haka yake cewa, kalmomin sun zama kamar kuɗin da aka daina karɓa. Mai saye ba ya jin su ma. Abin da yake tsayar da shi ya kasa kunne shi ne abin da maƙaryaci ba zai iya faɗa ba: a wane wata ake samun kaya masu kyau, me ya sa na wannan gari ya fi na wancan tsada, wane aibi ne ke tattare da nawa, wa bai kamata ya saya ba. Baduku a Marwa da zai ce maka wannan takalmin fatar tunkiya ce, tana da laushi amma ba ta jure ruwa kamar ta akuya ko ta saniya, ya rasa cinikin yau ɗaya wataƙila, amma ya samu mutumin da ba zai sake tambayar wani baduku ba.

Mu kuma ba daga Turawa za mu koyi wannan ba. Malamanmu suna karanta mana hadisin da Muslim ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tsibin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, ya tambayi mai shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba don mutane su gani, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Da kuma ɗaya hadisin da ke cewa idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, sai a sa albarka a cinikinsu. Shirin murya na ɗan kasuwa, in an yi shi yadda ya kamata, ɗora jiƙaƙƙen ne a sama.

Sai batun harshe, wanda na san yana damun matasanmu fiye da ku. Hausarmu ta nan ba irin ta Kano ba ce. Muna cakuɗa ta da Fillanci da Faransanci, mu ce kamiyo, mu ce duwan, mu ce kuran ya tafi, wasunmu ma su ce "mace ya zo" 'yan Nijeriya su yi ta dariya. (Ni kaina da nake rubuta muku wannan a tsanake, da a rumfa kuka same ni ba haka za ku ji bakina ba.) Saboda wannan dariyar, yaro idan zai ɗauki murya sai ya ari harshen finafinai, ya fito ba Bakano ba, ba ɗan Garwa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda zai sayi kilishin Ngaundere yana son ya ji Ngaundere a bakin mai kilishin, domin wannan lafazin shi ne hatimin kayan. Kuma kada mu yaudari kanmu, Fillanci ne harshen da ya fi yawo a kasuwannin Garwa da Marwa, a Kusiri kuma ba ka ciniki da mutanen Njamena ba tare da Larabcinsu ba. Wanda ya fi sakewa da Fillanci ya yi da Fillanci. Mai son kunnen 'yan kudu ya yi da Faransancinsa na kasuwa, karyayye yadda yake, ai da shi yake karɓar kuɗinsu kullum ba su taɓa ƙin biya don nahawu ba.

Na san abin da wasunku za su ce, don kawu ma ya faɗa. Na farko, sirrin sana'a ne, in ka koya wa duniya gane albasa me ya rage maka? Abin da na gani shi ne, wanda ya ji bayanin bai zama ɗan albasa ba, ya dai zama mai saye da ya san wurin wa zai je. Sanin wuyan albasa minti bakwai ne, amma sanin manomin da ba ya ha'inci, da direban da ba ya kwana a hanya, shekaru talatin ne, kuma wannan ba ya shiga waya. Na biyu, tsoron baki da tsoron masu haraji. Wannan kam gaskiya ne, kuma maganinsa mai sauƙi ne: ba wanda ya ce ka faɗi buhu nawa ka loda ko nawa ka samu. Ilminka za ka baje, aljihunka kuma ka bar shi a rufe. Na uku, dillalai. Ba zan ɓoye ba, dillalin da jarinsa kawai shi ne ya san lambar wane da wane, la'adarsa za ta ragu. Amma dillalin da yake tsayawa a kan kaya, wanda in an samu matsala shi ake kama wa riga, ban ga wanda zai fi shi iya irin wannan shiri ba. Ku je kasuwar shanu ta Adumri ku saurari yadda dillali yake karanta saniya tun daga haƙori har kofato, ku gaya mini wane ɗan jarida ne zai iya haka.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa taronku ko kaɗan, alhali kuwa 'yan kasuwa ne na sosai: iyayenmu mata da ke sana'a a cikin gida. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, yaji, turaren wuta, ɗinkin hula. Tallarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni, a ɗora wa yarinya tire a kai ta zaga gari, wani lokaci a bakin karatunta, wani lokaci a bakin abin da ya fi karatu. Ba na cewa murya a intanet za ta sayar da fura a tasha. Amma kayan da suke jure tafiya, irin turare da yaji, goggo tana iya zama a ɗakinta, da yardar maigidanta, ta bayyana yadda take haɗawa da abin da ba ta sakawa, ba tare da an ga fuskarta ko tsakar gidanta ba. Bidiyo ba ya ba ta wannan sutura. Murya tana ba ta.

Ga kuma sauƙin kuɗi. Minti 10 na magana a matsakaicin inganci ba ya kai mega 5, awa guda ba ta wuce mega 30, alhali bidiyo mai tsawon haka sai ya lashe ninkin-ba-ninkin. A garin da wutarsa ta dogara da ruwan madatsar Lagdo tun 1982, inda rani in ya yi tsanani kowa ya san sauran, aikin da batirin waya ɗaya ya ishe shi ba abin rainawa ba ne. Ba kuma zan yi muku ƙarya cewa mutanen kasuwarmu suna buɗe Spotify ba. Kaɗan ne. Can dai za a ajiye shirin, ko a YouTube, ya zama yana da gida, sannan a raba shi ta hanyoyin da muka saba: WhatsApp, memori, waya zuwa waya, da gidajen rediyon al'umma in sun karɓa.

To ga roƙona, ranku ya daɗe. Ku ba mu ɗan ɗaki ɗaya a ofishin ƙungiya. Ba sai an gina komai ba, a shimfiɗa tabarmi, a rataya labule ko tsofaffin buhuna a bango don su shanye amsa-kuwwa, a kashe fanka, a rufe layin waya lokacin ɗauka. A sayi ƙaramin makirufo irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga, a ɗauki yaro ɗaya cikin waɗanda suka gama jami'ar Marwa ko ta Ngaundere suna zaune, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu. Kowane mako sana'a ɗaya: wannan mako 'yan albasa, na gaba mahauta, sai masu kifin Lagdo, sai masu atamfa. Kada a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. A zaunar da mai saye na gaske a gabansa ya yi masa tambayoyin da yake yi a rumfa, har da masu zafi. Minti 10 zuwa 15 ya isa, in ya wuce haka ya zama tafsiri.

Abin da ya sa na kawo muku maimakon in yi ni kaɗai shi ne, abin yana buƙatar mai tsawatarwa, kuma ku ne ake jin kunyarku. Ƙofar da mai gaskiya zai shiga, ta nan mai maganin da yake warkar da ciwo arba'in zai shigo, shi kuwa ya fi kowa zaƙin baki. Na fi tsoron wannan fiye da komai, domin muryar dattijo mai natsuwa in ta ɗauki ƙarya ta fi tallar kiɗa ɓarna nesa ba kusa ba. Ku kafa sharaɗi tun ranar farko cewa ba a tallar magani a shirin ƙungiya. Wanda aka biya don ya yabi kayan wani ya faɗa da bakinsa cewa an biya shi, kada ya shigo da rigar mai ba da shawara. Wanda aka kama ya faɗi abin da ba haka ba, ya dawo ɗakin nan ya gyara da muryarsa, ko a sauke shirinsa. Ƙasar nan tana da dokar talla tun 2006 da ta kare mai saye tun 2011, amma ni da ku mun san cewa a kasuwa kallon da shugaba zai yi wa mutum ya fi takardar kotu saurin aiki. Yanzu ma da ake da manhajojin da suke kwaikwayon muryar mutum har iyalinsa su ruɗe, samun wuri guda da kowa ya san cewa abin da ke cikinsa ƙungiya ta shaida shi zai yi mana rana.

Abu ɗaya kuma, kada ku sa ran ganin ciniki a mako na biyu. Namu ya zo da sauri ne don Allah ya so, kuma don an riga an san kawu. Wasu shirye-shiryen da na ɗauka bayan nan mutum goma ma ban tabbata sun ji ba, wani kuma sai bayan wata huɗu wani ya bugo daga Bertuwa ya ce shi ya ji. Shuka ce irin ta dawar masakwa, ana dasawa bayan ruwa ya ɗauke, mai kallo yana cewa wannan mahaukaci ne.

In kun ba da izini, ranar Lahadi bayan an tashi daga kasuwar Pitowa zan zo ofis da wayar da makirufon, ku ji na minti bakwai ɗin nan da kunnenku kafin ku yanke hukunci. Kawu ya ce in ana neman wanda zai fara shi zai fara, amma da sharaɗin kada a sake sa masa kiɗa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Wassalam.

Ɗanku,
mai riƙe littafin albasa a Garwa